Tsawar da Surukina Ya Daka Mini a Giwa Tazo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya, wannan babu mai ja. Amma ni dai tun da nake ban taɓa zaman makokin da aka sha dariya irin na surukina ba. Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa a Jega. Mutum zai zo da fuska a murtuke, ya yi gaisuwa, a shafa addu'a, sai ka ga ya gyara zama ya ce, "Kun san abin da tsohon ga yat taɓa yi mani?" Shi ke nan an ɓalle.

Yawancinsu direbobi ne, domin Baba mai wayarin mota ne, kuma a bakin tasha ya ƙare rayuwarsa. Wani direba daga Maiyama, ƙato mai gemu, ya ce ranar da aka turo motarsa rumfar Baba, tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya dafa bonet ya ce, "Sannu baiwar Allah, wa ac cuce ki?" Ya kara kunne kamar mai sauraron amsa, sannan ya ɗago ya ce, "Ta ce kai na." Direban ya rantse mana cewa a take gumi ya keto masa, don shi ya san ya cusa guntun waya a gurbin fiyus tun watanni uku da suka wuce.

Da dariyar ta yi yawa sai Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, makoki na hwa." Kowa ya nutsu. Bai yi minti biyu ba sai ga shi da kansa yana ba da labarin ranar da lasifikar masallaci ta lalace. Ya ce Baba ya gyara ta tsaf, ya shafa ta, ya ce mata ta ƙara haƙuri da muryar Ladan, lada gare ta. Ladan kuwa yana zaune a wurin, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Daga cikin gida Inna, matar marigayin, ta aiko a ce mana mu rage surutu, mata na jinmu. Ɗan aiken bai koma ba sai da ta sake aiko wani, wai a faɗa mata wane labari ne aka bayar.

Na yi dariya tare da su, amma ban ba da nawa ba. Suruki ba ya buɗe baki ya yi hira da sunan surukinsa a ƙofar gidansa, ko da ƙasa ta rufe shi. Shi ya sa na zauna na rubuta, don kada ya tafi da ni ni ma.

Ni direba ne, mutumin Aliero, albasa nake ɗauka daga gonaki zuwa kasuwa. Kuma ni ne mijin 'yarsa ta fari. Wanda ya san garinmu ya san abin da wannan ke nufi. Kunya biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya: shi ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "waccan" ko "babba", ni kuma ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, in na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Gaisuwarmu ba ta wuce kalma goma. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa ƙanensa, Baffa, shi kuma ya kawo mini. A haka muka zauna lafiya lau, har ranar da na yi masa laifi. Tun daga ranar nan tambaya ɗaya ta zauna mini a ƙirji: shin tsohon nan ya yafe mini, ko kuwa kawai yana haƙuri da ni ne saboda 'yarsa?

Kafin in kai ga laifin, bari in faɗi ko wane ne shi. Gidansu gidan mahauta ne, Baffa har gobe yana kan teburinsa a kasuwa. Baba ne kaɗai ya bar fawa ya kama waya, amma ya tafi da wuƙar mahaifinsu, wadda wasawa ta cinye har ta zama siririya. Da ita yake feƙe waya. Sauran kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: filaya, sifana uku ko huɗu, salatef, da wani ƙwan fitila mai waya biyu da yake gwada wuta da shi. Masu wayarin na zamani suna zuwa da na'urori masu allo, shi kuwa sai ya duba ya ce madalla, ya ci gaba da ƙwansa.

Bai yarda da ido ba sam. In aka ce masa waya lafiyarta ƙalau, ga ta nan an naɗe ta da kyau, sai ya sa yatsu biyu ya ja ta. Haka zai bi su ɗaya ɗaya yana ja, yana yi wa motar hira. Kuma kullum faɗansa da direbobi ɗaya ne. "Ku dai ta inda wuta ka hita kuka dubawa," in ji shi. "To ta ina za ta komo? Ko ita ba ta da gida?" Yana cin goro amma ba ya shan shayi, yana son a yaba aikinsa amma in ka yaba sai ya haɗe rai. Shi da Baffa kuwa kullum cikin musu suke. Baffa ya ce masa ya gudu daga sana'ar maza, shi ya ce wa Baffa ai saniya ba ta taɓa ba kowa wahalar tunani ba.

To, ga laifin. Wata shekara na sayi tsohuwar akori-kura. Injinta garau, amma wayoyinta duk sun bushe, ɓeraye ma sun ci rabonsu. Na sa aka yi mata sabon fenti shuɗi, ciki da waje har ƙarƙashin bonet, sannan na yanke shawarar a zare wayoyin duka a sa sababbi. Maiɗakina ta ce, "To sai ka kai wa Baba."

Na ce, "Ki ruhwa mani asiri. In tsaya bisa kainai shina kwance ƙarƙashin motata cikin ƙasa? Da wane ido?"

Ta ce, "Da wanda Allah yab ba ka. Sana'atai ta."

Ban saurare ta ba. Na lallaɓa na kai wa wani mai wayarin a wani gari, ina ganin na yi dabara, har ina yaba wa kaina da ladabi. Wallahi ko a mafarki ban kawo cewa abin zai zama cin fuska ba. Kwana uku ba a yi ba duk tashar Jega ta ji. Direbobi kuwa ba su da linzami a baki. Suka riƙa zuwa rumfar Baba suna cewa, "Tsoho, ashe ko surukinka bai yarda da hannunka ba?" Su wasa suke yi. Baffa ya faɗa wa maiɗakina cewa ranar Baba ture kwanon tuwonsa ya yi, ya ce ya ƙoshi. Abin da ya kamata in yi shi ne in tashi in je in ba da haƙuri, amma kunyar da ta jefa ni ramin ita ta sake riƙe mini ƙafa.

Mako biyu bayan haka, ana tsakiyar zafin bazara, manoman ƙauyen Giwa Tazo suka kira ni in kwashe musu albasa. Babbar mota na jira a Aliero, za ta tashi zuwa Kudu bayan la'asar. Na kama hanya da sassafe ina taƙama da sabon fenti. Hanyar gonar ba ta da kyau, motar ta sha girgiza, kuma ina isa bakin gona ta mutu da kanta. Ban damu ba, na ɗauka ni ne na saki kuloci da garaje. Aka yi lodi, buhu bisa buhu, aka ɗaure da igiya. Na shiga na yi bisimilla na murza makulli. Ƙas. Na sake murzawa. Ƙas. Fitilun gaban direba suka dushe, shi ke nan.

Na ce a tura. Manoma suka tuɓe riguna suka tura mota da lodinta har ta ɗauki gudu, na saki kuloci, ta yi gurnani ta tsaya. Sau biyar muna haka. Wani dattijo mai gonar ya zauna a gindin kuka yana haki, ya ce, "Direba, albasa ba ta son rana cikin buhu hwa. Noman shekara na ka ɗora bisa motag ga." Na kira wanda ya yi mini aikin, wayarsa a kashe. Na yi ta zagaya motar ina buɗe bonet ina rufewa, don dai a ga ina wani abu. Daga ƙarshe na kira gida.

Maiɗakina ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ikon Allah. Yanzu wa kaka so in kira?"

Na ce, "Ke ma kin sani."

Ta ce, "A'a, ban sani ba. Hwaɗi in ji."

Matar nan sai da ta sa na faɗa da bakina, ina jin dariyarta tana ƙoƙarin danne ta. Ita ma ba ta iya kiran mahaifinta kai tsaye ba, Baffa ta kira.

Da hantsi ya ɗaga sosai sai ga babur ɗin Baffa yana tafe yana tsalle a kan kunyoyi, Baba a baya ya rungume jakarsa, hularsa ta karkace. Na tuɓe takalmi na durƙusa a cikin ƙasa mai zafi na gaishe shi. Ya amsa yana kallon sararin sama. Sannan ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, ya ce, "Masha Allahu. An sha kwalliya. Sannu amarya." Manoma suka fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Neman ciwon mota da ta ƙi tashi aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana zaune yana murza makulli, ɗaya yana kan inji yana saurare. Dole su yi magana da juna, kuma da sauri. Mu kuwa ba ma magana. Don haka aka kafa Baffa a tsakiya. Baba ya duba batir, ya ja kawunansa, ya dangwala ƙwansa ya ga wuta ta kawo tar, sannan ya ce, "Hwaɗa mai shi murza."

Baffa ya juyo ya ce, "An ce ka murza."

Na murza. Ƙas.

"Hwaɗa mai shi saki."

"An ce ka saki."

Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba, ina jin har numfashinsa, amma sai na jira Baffa ya maimaita. Baffa kuma ya ga abin ya yi masa daɗi, har da ƙari yake yi: "An ce ka murza, kuma an ce kai sakarai na." Baba ya ce, "Ni ban ce ba." Baffa ya ce, "Ka ce cikin ranka."

Ana cikin haka wani manomi ya wuce yana jan bijimi. Mahauci da bijimi! Baffa ya bi shi da ido, ya ce bari ya taɓa ƙirjinsa kawai ya dawo. Ya tafi ya bar mu. Baba ya yi gyaran murya, ya dafa motar ya ce mata, "Ke, ce wa mai ke shi murza, shi riƙe kak shi saki." Na murza na riƙe. Na ji wani wari kamar ana ƙona roba. Ina cikin tunanin ko in saki ko in jira a ce wa mota ta ce mini, sai na ji tsawa:

"Kai! Saki! Saki nic ce!"

Na saki har makullin ya faɗi ƙasa. Shekaru ina auren 'yarsa, wannan ce kalma ta farko da ya jefo mini ni da kaina, ba ta hannun kowa ba. Tsawa ce, amma wallahi wani sanyi na ji a raina. Ya ce, "Zaka nan ka gani." Na fito na leƙa. Siririyar wayar totur, wadda ke tafiya daga ƙafar direba zuwa inji, ita ce ta yi zafi har tana hayaƙi. Ya nuna mini wata waya mai kauri da ke ɗaure inji da jikin mota, wadda ta nan ne wuta ke bi ta koma batir. An ɗaure ta tamau, gwanin kyau, amma a kan sabon fentina. Fenti ya tare hanya. Da wutar ta rasa ta inda za ta koma sai ta bi wayar totur, shi ya sa kik, wato abin tayar da mota, ba ya samun ƙarfin juya inji. Ya kwance ta, ya ciro wuƙar nan, ya kankare fentin har ƙarfe ya fito fari, ya mayar ya ɗaure.

Ya ce, "Koma ka murza." Ni ya ce wa. Na murza, inji ya juya, mota ta tashi! Manoma suka yi kabbara. Na saki makulli, ta mutu. Na sake, ta tashi, ina sakin hannu ta sake mutuwa. Kabbarar ta koma salati.

Baba bai ko girgiza ba. Ya ce, "To, ciwo biyu gare ta." Ya zagayo ta ƙofar direba ya durƙusa zai cusa kai ƙarƙashin sitiyari, daidai ƙafafuna. Na zabura zan fice ta ɗaya ƙofar. Ya ce, "Zamna. In ka hita wa za shi murza mani?" Haka na zauna na naɗe ƙafafu har gwiwa na taɓa haɓata, surukina yana kwance a inda nake taka takalmi. Abin da na gudu kenan tun farko, ga shi ya same ni ninki biyu, a gaban mutanen gari guda.

Ya bi wayoyin bayan makulli yana ja ɗaya ɗaya. Ta farko ta riƙe, ta biyu ta riƙe. Ta uku ta zare daga cikin salatef salin alin. Murɗa ta kawai aka yi da hannu aka naɗe, girgizar hanya ta raba ta, daga waje kuwa ba ka ganin komai. Ita ce ke kai wa kwayil, mai ba inji tartsatsi, wuta bayan an saki makulli, shi ya sa turi ma bai yi amfani ba. Sai ya kamo hannuna, nawa hannun, ya ɗora yatsuna a kan bakin wayar. Ya ce, "Ji nan. Wagga in tat taɓa ƙarhe kana bisa hanya, wuta ta. Waccan ka shiga motag ga. Yara ka shiga." Cikin fushi ya faɗi haka.

Na ce, "Baba, wanda yay yi aikin..."

Ya katse ni. "Kak ka hwaɗi mani sunanai. Shi ma abinci shika nema. Ka dai koma ka nuna mai wurin ga biyu, shi gani da idonai, gobe ba shi sakewa." Har ya bar duniya bai taɓa tambayar ko wane ne ba. Na koma kuwa na nuna wa mutumin, ya yi godiya, yanzu haka yana cikin masu kyan aiki a garinsu.

Ya feƙe wayar, ya haɗa ta yadda ya kamata, ya ja ya ji ta riƙe. Na murza, ta tashi, na saki, ta ci gaba da kaɗawa. Wannan karon har rawa wani manomi ya taka. Daidai lokacin Baffa ya dawo yana share hannu, ya ce, "Kun gani? Da nib ba ku wuri ai ga shi kun gama." Albasa ta isa Aliero kafin la'asar, ba a yi asarar ko buhu ɗaya ba. Mutanen Giwa Tazo suka cika wa Baba kwando, suka ɗaure a bayan babur.

Amma ga inda abin ya tsaya mini. Kafin mu tashi na buɗe masa ƙofar gaba, na share kujera da hulata. Ya dubi kujerar, ya ce wa Baffa, "Mu tahi." Ya hau babur. Kuma tun daga ranar har ya koma ga Allah bai taɓa shiga motata ba. Ko biki za a je, ko asibiti, sai ya ce a kira masa kabu-kabu. Washegari ma muka koma gidan jiya: ni durƙuso, shi kallon sama, Baffa a tsakiya. Kamar ba a taɓa yin Giwa Tazo ba.

Na yi niyyar ba shi haƙuri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In sayi goro mai kyau, in yi ta bitar maganar a hanya tun daga Aliero har Jega, in durƙusa in ce, "Baba..." Sai ya ce wa iska, "Mota lahiya?" In ce, "Lahiya lau." Ya ce, "To madalla." In ajiye goro in tashi. In na dawo gida maiɗakina ta dube ni ta ce, "An hwaɗi?" In ce an kusa. Ta ce, "Goron dai shina isa, Alhamdu lillahi."

Wani abu kuma da ya tsiro da shi: duk ranar da na kawo ta gida da yara, ina shiga gaida Inna sai ya sulale waje. In na fito in tarar da bonet a buɗe, yana jan wayoyi yana yi wa motar hira ƙasa-ƙasa. Yana ganina sai ya rufe ya wuce masallaci. Maiɗakina ta ce ƙauna ce. Ni na ce rashin yarda ne, yana duba ko na sake kai ta wani wuri. Na tambayi Baffa, shi da ya fi kowa saninsa. Ya ce, "Ni mahauci na, ba boka ba. Tambaye shi mana, ba ka da baki?" Ina da baki, amma ba na wannan ba. Mutane za su ce ƙaramin abu ne. Ni dai na san yadda yake ci na, domin ina son tsohon nan ƙwarai, kuma ban san ko ina da wuri a zuciyarsa ba.

Da tsufa ya kama shi idanunsa suka yi rauni, ya bar zuwa rumfa. Direbobi ba su bar shi ba, har ƙofar gida suke turo motoci. A ɗora masa hannu a kan wayoyi, ya bi su da yatsu, ya faɗi inda ciwon yake, kuma da wuya ya kuskure. Yakan ce da ma can bai taɓa aiki da idon ba, don haka babu asarar da ya yi. Ciwon ajalinsa bai wuce mako guda ba. Ya cika da safe, bayan ya idar da sallar asuba a zaune. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa yadda ya sa bayin Allah dariya shi ma a tarbe shi da murmushi.

Da aka kira ni, abin da ya fara faɗo mini shi ne, shi ke nan, na makara. Na yi tuƙi daga Aliero ina zagin kaina. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, jama'a ta cika hanya har maƙabarta. Baba bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa duka mata ne. Don haka kowa ya san 'ya'yan Baffa ne za su shiga kabari su karɓe shi, ga su nan ƙarti huɗu har sun naɗe hannun riga. Ni na tsaya can baya inda ya dace da suruki, kaina a ƙasa.

Sai na ji muryar Baffa, wadda ba ta buƙatar lasifika: "Ina mijin babba?"

Aka dare mini hanya. Na matso ban san dalili ba. Idanun Baffa sun yi ja, amma bakinsa na nan yadda yake. Ya ce, "Tuɓe takalmi ka shiga. Wasiyya ta. Ya ce ɗanai shi za shi karɓe shi, kuma kai yaka nuhi. Ya ce kak a hwaɗa ma sai ya tahi, don in shina da rai kunya ba ta barin ka ka amsa, shi ma ba ta barin shi shi hwaɗi."

Na shiga. Aka miƙo mini shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da shi a gefen dama, na fuskantar da shi alƙibla, na sassauta ɗaurin likkafani. Sannan na sunkuya daidai kunnensa, na faɗi abin da na yi shekaru ina ɗauka zuwa Jega ina dawowa da shi. Na ce, "Baba, ka yahe mani."

Na ɗauka a hankali na faɗa. Ashe Baffa na tsugune a bakin kabari, kunnensa kamar na zomo. Ya ce, "Kai, wane irin mutum na kai? Ya ba ka kainai gaba ɗai, kana tambaya? Hito, mutane na jira."

Na fito ina kuka ina dariya, rigata duk ƙasa, jama'ar Jega na kallona, kuma ban ji kunyar kowa ba.